Zauren Baba Mushe: Hoton da aka tsinta cikin adakar kaka

Assalamu alaikum. Shamuwa ta iso Damagaram tun makon jiya, na ga biyu suna ta jidar kirare bisa tsamiyar bayan gidanmu, amma hadari har yanzu alkawari kawai yake yi mana. Muna nan da zafinmu, da layin jarkoki a bakin famfo tun kafin kiran assalatu. Wasiƙu uku na ɗauko wannan karo. Biyu sun daɗe a aljihun tebur ina ta cewa gobe, sai ta ukun ta zo ta tashe su, don dukansu a kan jirgin sama suke. Da ita zan fara, kuma za ta ci rabin shafin. Masu tambayar gado da na iyakar gona ku yi mini haƙuri sai wata mai zuwa.

TAMBAYA: Baba Mushe, barka da hutawa. Kakanmu na wajen uba ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, amma sai bana da kakarmu ta bi shi aka buɗe adakarsa. Shi kwami ne, wato akawu, a zamanin Nasara, nan Damagaram ya yi lakwal. Cikin takardunsa mun tsinci wani ɗan hoto na kwali, bai kai tafin hannu ba. Wani yaron Nasara ne siriri da kayan soja, idanu zuru-zuru, a bayansa jirgin sama mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, an zana wani tsuntsu kamar shamuwa a jikinsa. A ƙasa an rubuta GUYNEMER 1894-1917. A bayan hoton kuma akwai rubutun ajami layi biyu da ya koɗe. Yayana ya ce tarkacen mulkin mallaka ne, a sa a wuta. Ni kuwa na ce mutum ba ya ɓoye abu shekara saba'in cikin adaka a banza. Wane ne wannan yaro, kuma me ya haɗa shi da kakanmu? Ga hoton nan na turo ta waya. Ƴarka, ungozoma, unguwar Zango.

AMSA: Ƴata, Allah ya jiƙan tsofaffin, ya kai haske kabarinsu. Ki ce wa yayanki ya mai da ashanarsa aljihu har ya gama karanta wannan shafi.

Da hoton ya shigo wayata sai da na yi dariya ni kaɗai a zaure, don fuskar nan na san ta tun ina ɗan shekara takwas. Mu Ginemer muke ce masa, cikakken sunansa Georges Guynemer. A lakwal ta da, in yaro ya ba da amsa daidai, mushe kan miƙa masa ƴar takardar yabo. In ya tara goma sai a musanya masa da hoto: wani ya samu giwa, wani jirgin ƙasa, wani kuma jarumin Faransa. Ina kyautata zaton kakanki da guminsa ya ci wannan kwali. Ƙila ma ita ce kyauta ta farko da aka taɓa ba shi don kansa ya ja, kuma wannan kaɗai ya isa a ajiye abu cikin adaka.

Shi yaron an haife shi a Paris ranar 24 ga Disamba 1894, ya girma a garin Compiègne. Ɗan gidan masu hali ne, ubansa tsohon hafsan soja. Sai dai ya tashi da laulayi, yau lafiya gobe ciwo, ga rama kamar sillen kara. Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta 1914 ya kai kansa a ɗauke shi soja, likitoci suka dube shi sama da ƙasa suka ce ya koma gida. Ya sake zuwa, suka sake sallamarsa. Sai a watan Nuwamba ya samu aka karɓe shi a sansanin jiragen sama na Pau, kuma ba a matsayin matuƙi ba, yaron bakanike: shara, ɗaukar gwangwanin mai, wankin inji. Ya yi ta naci har aka bar shi ya koyi tuƙi. A watan Afrilu 1915 ya samu takardarsa, a watan Yuni aka tura shi runduna ta 3. Abokan aikinsa da suka ga ƙafafunsa suka sa masa suna Sillen Waya.

To, ɗan hakin da ka raina. Ranar 19 ga Yuli 1915, shi yana tuƙi, bakanikensa Guerder yana riƙe da bindiga a kujerar baya, suka kakkaɓo jirgin Jamus na farko. Ranar da ya cika shekara 21 aka maƙala masa lambar Légion d'honneur. A watan Maris 1916, a sararin Verdun, harsashi biyu suka same shi a hannun hagu, ɓaraguzai suka yanke shi a fuska, ya yi jinyarsa ya koma. Sau bakwai ana harbo jirginsa yana fita da rai. Sau ɗaya ma, a Satumba 1916, igwar ƴan'uwansa Faransawa ce ta same shi bisa kuskure. A Fabrairu 1917 ya zama kaftin yana da shekara 22. Ranar 25 ga Mayu 1917 jirage huɗu ya kakkaɓo tsakanin safe da maraice. Jimillar da aka tabbatar masa 53 ne, don Faransawa ba sa ƙirga wa matuƙi jirgi sai an samu shaidun da suka ga faɗuwarsa.

Tsuntsun da kika ce kamar shamuwa, idonki bai yi miki ƙarya ba, dangi ne. Tamu baƙa ce da farin ƙirji. Tasu fara ce, gefen fiffike baƙi, baki da ƙafa ja, ta kuma fi tamu girma. Tana sheƙa bisa rufin gidaje a yankin Alsace, wanda Jamus ta ƙwace daga Faransa a 1871. Zanenta a jikin jirgi kirari ne, wato za mu komo gidanmu kamar yadda take komowa duk shekara. Rundunar ma Shamuwoyi ake ce mata. Abin ya daɗe yana ba ni mamaki: mu damina take kawo mana, yaro ba ya ko jifarta, su kuwa suka ɗora ta bisa abin kisa. In kin ƙura wa jikin jirgin ido ƙila ki ga an rubuta Vieux Charles, sunan da yake sa wa jiragensa ke nan. Ɗaya daga ciki yana nan har yau a gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget, kusa da Paris.

Zuwa nan duk mushenmu ya gaya mana. Abin da bai gaya mana ba shi ne yadda yaron ya ƙare tun kafin a kashe shi.

A wannan rana ta 25 ga Mayu da jaridu ke ta buga labarin jirage huɗu, a ranar aka kashe abokinsa René Dorme, ɗan rundunarsu. Kafin Agusta jiki ya soma gaya masa. Ba barci, ga saurin fushi, ga ramar ta ƙaru. Ubansa ya roƙe shi ya huta, ya koma koyar da ƙanana, ya ƙi. Jirginsa na 53 ranar 20 ga Agusta ya faɗi, daga nan sa'a ta juya masa baya. Farkon Satumba aka ji wa shugaban rundunar, Heurtaux, mummunan rauni, sai aka ɗora wa Ginemer shugabanci bisa gajiyar da yake ciki. Ranar 10 ga Satumba sau uku yana tashi, sau uku jirgi na ba shi matsala yana saukowa. Da a gidanmu ne, tsohuwa za ta ce yau ka zauna, ba ranarka ba ce. Washegari, 11 ga Satumba 1917 da safe, ya tashi daga Saint-Pol-sur-Mer kusa da Dunkerque, shi da wani laftanan mai suna Bozon-Verduraz. A saman ƙauyen Poelkapelle na ƙasar Beljiyam ya hango jirgin leƙen asirin Jamus, ya kai masa sura. Abokin tafiyar ya ga wasu jiragen Jamus na tahowa, ya juya ya ja hankalinsu. Da ya komo wurin, sama fayau, ba kowa.

Daga baya Jamusawa suka ce sojansu sun tarar da gawar kusa da tarkacen jirgin, harsashi a kai. Kafin su ɗauke ta sai igwar Ingila ta yi ta ruwan wuta a wurin, ta kore su, ta mai da ƙasar kamar an yi huɗa. Ba a sake ganin gawa ba, ba a sake ganin jirgi ba. Matuƙin Jamus da aka ce shi ya harbe shi, Kurt Wissemann, kwana 17 kawai ya ƙara a duniya, shi ma aka harbo shi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Mu kuwa a aji ce mana aka yi ya yi sama, ya yi sama, har ya kasa saukowa. Wani ɗan ajinmu, ɗan mahauta, mai kai kamar reza, ya ɗaga hannu ya ce, mushe, to in mai ya ƙare fa? Ya sha bulala biyar a tafin hannu. Shekara sittin da wani abu ke nan, ban ji wanda ya yi tambayar da ta fi wannan ba.

Me ya sa aka yi masa wannan tatsuniya? Ki dubi shekarar. A watan Afrilu 1917 Faransa ta kai wani babban hari a Chemin des Dames, aka yi asarar rayuka ba iyaka ba a ci komai ba, har sojoji suka fara ƙin bin umarni runduna-runduna. Mutane na mutuwa cikin taɓo, igwa ta daga nesa ke kashe su, ba wanda ya ga fuskar wanda ya kashe shi. Irin wannan mutuwa ba ta shiga kwali. Amma ga yaro kyakkyawa, shi kaɗai cikin sama, gaba da gaba kamar a dambe, ana ƙirga masa kaye ɗaya bayan ɗaya a jarida. Gwamnati tana bukatar wannan fuska, shi ma ya san ana kallonsa, ya san in ya sauka za a ce ya ji tsoro. Ni a ganina wannan kallo yana cikin abin da ya kashe shi. Soja ne, da an ba shi umarni ya huta da ya huta, amma ba a ba shi ba. A watan Oktoba majalisarsu ta yanke a rubuta sunansa a Panthéon, gidan da suke karrama manyansu. A 1923 aka gina masa hasumiya a Poelkapelle da tsuntsuwar nan a bisa. Har yanzu duk 11 ga Satumba sojan saman Faransa sukan tsaya a karanta yabonsa. Jiragen nan 53 kuwa, da yawansu mutum biyu ke ciki, samari ne kamarsa, kowa da uwar da ta haife shi. Wannan ma ba a rubuta a ƙasan kwalin ba.

Yanzu ga yayanki. Yana da gaskiyarsa, ba zan danne masa ita ba. A 1917 ɗin nan, Damagaram ce hedikwatar yankin soja na Nijar, ita ke riƙe da hedikwatar ƙasar tun daga 1911 har 1926 da aka mai da ita Yamai. Daga nan garin rundunar Faransa ta tashi zuwa Agadas, inda Kawsan, jagoran yaƙin Abzinawa, ya yi wa barikinsu ƙawanya tun Disamba 1916. Suka isa ranar 3 ga Maris 1917, abin da ya biyo baya mutanen Abzin ba su manta ba, an kashe jama'a da yawa har da malamai. Raƙuman da suka ɗauki kayan yaƙin da hatsin da sojan suka ci, ba daga Faransa aka kawo su ba. Wata ɗaya da rabi bayan haka, a Chemin des Dames ɗin can, baƙaƙen soja na cikin waɗanda aka tura gaba cikin sanyi da ƙanƙara, yatsunsu sun sandare ba sa ko iya riƙe bindiga sosai. Dubbai suka faɗi cikin ƴan kwanaki. Wajen mutum 200,000 aka kwasa daga Afirka ta Yamma a yaƙin, ko da yake an fi kwasa daga ƙasashen da suka zama Mali, Burkina, Gini da Senegal, kuma kusan 30,000 ba su komo ba. Ba a taɓa ba mu hoton ko ɗaya daga cikinsu don mun iya lissafi ba. Ni da ke miki wannan bayani, na haddace ranar mutuwar Ginemer tun ban san shekarar da aka yi yaƙin Tirmini ba, 1899, nan ƙofarmu, inda Nasara suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga. Sai da na zama mushe da kaina na koya, kuma da kunya na koya.

Amma shi yaron bai taɓa taka ƙasarmu ba. Bai karɓi haraji ba, bai kama kowa aikin tilas ba. Ƙasarsa aka shiga ya tashi ya kare ta, abin da Kawsan ma zai ce shi ya yi. Mai laifi shi ne wanda ya rataya mana shi a aji ya sauke namu. Da aka canza wa titin De Gaulle na Yamai suna zuwa Djibo Bakary a Oktoba 2024 ban yi baƙin ciki ba ko kaɗan, titi na kowa ne, kowa na bi. Adaka kuwa ta kakanku ce. In yayanki zafin kishi ke cinsa, ya nemo tarihin Tirmini da na Agadas ya karanta wa ƴaƴansa da dare, ya fi toka amfani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan hoton. Ginemer an buga shi dubu bisa dubu, rubutun hannun kakanki kuwa ɗaya ne a duniya. Kada ki goga masa ruwa, kada ki kai a liƙe shi cikin leda da zafi, tawadar za ta tafi. Ki ɗauke shi a waya da hantsi, haske na zuwa ta gefe, sannan ki kai wa wani dattijo a Garin Malam ko Birni wanda ya saba da rubutun mutanen da. Ƙila suna ne, ƙila addu'a. Ƙila kuma lissafin bashin hatsi ne, don tsofaffin nan ba sa barin takarda ta zauna fara. Ko mene ne, ina son ji.

TAMBAYA: Baba, ni mai gyaran babur ne a Sabon Gari. Gardama ta kaure a fadarmu. Jiragen yaƙi na farko masu farfela a gaba, yaya suke harbi harsashi bai karya farfelar ba? Kuma me ya hana matuƙi ya dira da lema in an harbe shi? Wanda ya faɗi shi zai sayi shayi da sukari na mako guda. Ɗanka.

AMSA: Ɗana, wannan sharaɗi naku ya yi kama da caca, amma tun da kowa zai sha, ban ce komai ba. A ajiye mini na biyu, na farko ya fi ƙarfin cikina.

Da farko ba su iya ba. Shi ya sa ake ɗaukar mutum na biyu a baya da bindiga, kamar yadda na faɗa a sama. Wani Bafaranshe, Roland Garros, a watan Afrilu 1915 ya ɗaura ƙarafa a jikin farfelarsa, harsashin da ya same ta sai ya goce. Dabara ce ta mai ƙarar kwana, amma ta yi aiki ƴan makonni, har ya faɗa hannun Jamusawa da jirginsa. Wasu kuma suka ɗora bindigar bisa fiffiken sama tana harbi ta saman farfela. Matsalar, kwanon harsashinta 47 kawai yake ci, in ya ƙare sai matuƙi ya miƙa hannu ya canza, jirgi na tafiya, ana harbinsa.

Maganin gaske kamfanin Fokker ya fara sa wa jiragen Jamus a 1915, kuma kai ka fi ƴan fadarku saurin gane shi. Ka san buji ba ya ba da wuta sai a daidai lokacinsa, inji ne da kansa ke gaya masa. To haka aka yi wa bindigar. Aka sa wani ƙarfe mai doro da ke juyawa tare da inji, yana tura sanda zuwa kunamar bindiga. Matuƙi ya danna, amma harsashi ba ya fita sai lokacin da reshen farfela ya kauce daga bakin bindiga. In saitin ya goce kuwa, mutum ya harbe farfelarsa da hannunsa, kuma an sha yi.

Jiragen da kansu katako ne da ƙyalle da waya. Ƙirar SPAD da Ginemer ya fi tuƙawa tana gudun kilomita 200 a awa ko kusa da haka. Ba rufi bisa kan matuƙi, ba iskar shaƙa, ga shi suna hawa mita 5,000, alhali dutsen Bagzan da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu mita 2,000 ne da ƴan kai. Mu nan in hunturu ya ɗan busa sai ka ga kabu-kabu da rawani da safar hannu. Wasu injinan kuma da man zurma ake musu giris, yana fantsama a fuskar matuƙi yana haɗiya, ka san kuwa aikin zurma a ciki. Shi Ginemer bakanikancinsa bai bar shi ba, yana ta rubuta wa masu ƙera jirgin shawara, har ya sa aka yi masa wani mai ƙaramar igwa da ke harbi ta tsakiyar cibiyar farfela. Harsashi ɗaya take ci, da hannu ake ɗurawa, in ta tashi hayaƙi ya cika masa ido.

Lema kuwa akwai ta a lokacin. Masu leƙen asiri da ke hawa balan-balan ɗaure da igiya suna da ita, suna dira in an cinna musu wuta. Matuƙa ne ba a ba su ba. Tana da nauyi, wurin zama ƙarami, inji ba ƙarfi, wannan gaskiya ne. Ana kuma zargin wasu manyan da tunanin in an ba yaro lema zai yar da jirgi mai tsada da wuri. Jamusawa sun fara ba nasu a 1918, na Faransa da Ingila har aka gama yaƙin ba su samu ba. Wanda jirginsa ya kama wuta a sama, ko ya ƙone ko ya faɗo. Ka gaya wa ƴan fada wanda ya ce babu lemar a duniya lokacin shi ya faɗi.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Autana zai yi jarrabawar Bak ta gama sakandare bana, ya kafe shi sai sojan sama, jirgin yaƙi yake son tuƙawa. Babansa ya ce a bar shi. Ni tun da ya faɗa ban yi barcin kirki ba, kullum ana kawo labarin yaran mutane. Na yi masa faɗa, na yi lallashi, har na ce in ya tafi ban yafe ba, daga baya na yi nadama. Yaya zan yi? Wata uwa, unguwar Birni.

AMSA: Hajiya, Allah ya sanyaya miki. Abu na farko, ki kira shi yau ki janye wannan kalma a gabansa, da bakinki. Ko ya tafi ko ya zauna, kada ya yi yawo da ita a ka.

Ba zan ce miki babu haɗari ba, ke ma kin san akwai. Inates a Disamba 2019 soja 71, Shinagodar a Janairu 2020 soja 89, ba unguwar da ba ta san zaman makokin ɗan kaki ba. Kin kuma karanta labarin yaron Nasaran nan a sama, ubansa da kansa tsohon hafsa ne, bai iya tsai da shi ba.

Sai dai tsakanin bakin yaro da kujerar jirgi akwai tafiya. Sai ya ci Bak ta fannin kimiyya, da lissafi mai kyau. Sai ya ci gasar shiga aikin hafsa. Sai likitoci sun auna ido, kunne, zuciya, har da iya bambanta launi. Sai ya koyi Ingilishi, don da shi ake magana a sama. Masu nema da yawa, waɗanda ake ɗauka kaɗan, kuma kowane matuƙi ɗaya akwai tarin bakanikai da masu kula da na'ura a ƙasa da ba sa tashi ko'ina. Aikin sojan samanmu ma ba duka harbi ba ne. Akwai dakon kaya da mutane, akwai kwaso masu rauni, akwai sintiri, akwai jirage marasa matuƙi da ake sarrafawa daga ɗaki. Ouma Laouali, mace ta farko da ta zama matuƙiya a sojanmu a 2015, da ƙaramin Cessna ta fara, daga baya ta koyi babban jirgin dakon kaya C-130.

Ki zaunar da shi, ba da faɗa ba, ki tambaye shi me yake so a ciki: jirgin, ko kakin, ko hoton da zai sa a Facebook? Na koyar shekara 34, na ga masu son kowane ɗaya daga cikin ukun, kuma bakinsu ɗaya suna ƴan shekara goma sha takwas. In jirgin ne, akwai makarantar EAMAC a Yamai, inda ake horar da masu ba jirage hanya daga hasumiya, da masu hasashen yanayi, da masu gyaran na'urorin filin jirgi. In kuma ya ce shi ƙasarsa yake son karewa, ya faɗa yana kallon idonki, to Hajiya wannan ba yaro ba ne kuma, sai addu'a.

Kafin duk wannan, ku daina ɓata wa juna rai a kan abin da likita zai iya yankewa cikin minti goma. Ki kai shi wurin likitan ido, ki ce a gwada shi da littafin nan mai ɗigo-ɗigon launi da lambobi ɓoye a ciki. Na taɓa samun ɗalibi da ya shekara uku yana rigima da ubansa kan wannan buri, ashe ja da kore duk ɗaya suke a idonsa, bai sani ba. In naki ya karanta lambobin duka, ki sake rubuto mini, sai in zo Birni mu zauna da babansa.